Kafin ka sayi injin suyar gahawa, ka fara tambayar wa zai riƙa share shi

Makon jiya wani abokina da muka yi karatu tare a Kartum ya turo min hotunan injina har uku a WhatsApp, wai in zaɓa masa wanda zai saya, yana so ya riƙa soya gahawarsa a gida don ya gaji da ta gwangwani. Duk tambayoyinsa a kan giram nawa yake ɗauka ne, minti nawa yake yi, ana haɗa shi da waya ko ba a haɗawa. Na ce masa malam duk wannan mai sauƙi ne, abun da ba ka tambaya ba shi ne yadda ake share shi, don na san halinka, kai da ko kofin shayinka sai ya kwana biyu a tebur. Ya yi dariya amma wallahi da gaske nake, injin da ya fi kowanne kyau a hoto in ka bar shi wata biyu ba shara gahawar da zai ba ka ƙauri kawai za ta riƙa yi, in ma bai kama da wuta ba.

Dattin injin suya ba irin na tukunyar miya ba ne. Akwai wani siririn ɓawo da yake manne a jikin ɗanyen ƙwayar gahawa, da zarar ta ji zafi ta fara kumbura sai ya saɓule ya tashi, kamar dai jan ɓawon gyaɗa amma ya fi shi rashin nauyi, ni ƙaiƙayi nake ce masa. Shi ne babban haɗari saboda busasshe ne ƙarau kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Yawansa ya danganta da irin gahawar, wadda aka shanya da 'ya'yan itacenta gaba ɗaya kamar ta Harar a Habasha ƙaiƙayinta ya fi na wankakkiya yawa nesa ba kusa ba. Sai kuma maiƙo. Gahawa tana yin fashewar farko a wajen digiri 196 na salshiyas, ka ji tana ƙas ƙas kamar gugguru, in ka ci gaba har wajen digiri 224 sai fashewa ta biyu ta zo, daga nan mai yake fara tsattsafowa a bayan ƙwayar hayaƙi ya yi kauri, to wannan hayaƙin shi yake bin bango da fanka da gilashi yana daskarewa ya zama wani abu ruwan ƙasa mai danƙo. Mu da muka koyi shan jabana, wato gahawar gargajiya, a Sudan baƙar suya muke so, ke nan maiƙonmu ya ninka na Baturen da yake tsayawa a fashewar farko, lissafin shara da ke cikin littafin injin ba da mu aka yi shi ba. Na uku kuma ƙurar hunturu, wadda fankar injin take zuƙa ta kai ciki ta haɗu da maiƙon nan su zama kamar laka.

Bari in fara da kasko tunda shi kowa yake rainawa. Matan Habasha da na Sudan har yau a ɗan kaskon ƙarfe mai dogon hannu suke soya tasu a kan garwashi, suna girgizawa, in ta yi a zagaya da kaskon kowa ya shaƙi ƙamshin. A Habasha ma sukan wanke ɗanyar gahawar da ruwa su murza kafin su zuba, wannan yana rage ƙaiƙayin sosai, amma fa kar ka kwaikwayi wannan a injin lantarki. Sharar kasko ba ta wuce ka bar shi ya huce ka goge da busasshen tsumma, in ya yi baƙi da yawa ka wanke ka ɗora a wuta ya bushe tas saboda tsatsa musamman da damina. Sharaɗi ɗaya ne, kasko ya zama na gahawa kaɗai, ranar da aka soya ƙwai ko albasa a ciki shikenan sai ka yi sati kana jin ta a kofi. Ni nawa ɓoye shi nake a saman kabad don yaran gidan ba sa bambancewa. Matsalar kasko ba a wanki take ba, a suyar take, wani gefen ya ƙone wani bai nuna ba sai hannunka ya saba, sannan ƙaiƙayin ba shi da mazubi, sai ka fita tsakar gida ka juye a faifai ko kwalanda kana sheƙewa kana fifita da mafici. In a kicin ka yi to ka shirya share kan gas da ƙasa da jin faɗa.

Ƙanwar kasko ita ce 'yar ganga mai hannun juyawa da ake ɗorawa a kan gas, irin tsarin da masu suyar gyaɗa suke amfani da shi amma ƙarama. Ana sayar da na waje, kuma mai walda da ya san aikinsa zai iya haɗa maka. Suyarta ta fi ta kasko daidaito, ba ruwanta da ɗauke wuta, kuma ba wani abun lantarki da zai lalace. Amma ka tsaya a kan ƙarfen, sitenles za a yi maka, kar ka yarda da ƙarfen da aka shafa wa fenti ko mai rufin zin irin na kwanon rufi, in ya ji zafi abun da yake fitarwa ba na ci ba ne. Shararta burushi ne busasshe a ciki bayan kowace suya, sai ɗan man da za ka riƙa sa wa sandar juyawar daga waje nesa da inda gahawa take. Cikin gangar in ya yi ruwan ƙasa ƙyale shi, ba sai ka kankare shi ya koma fari ba, abun da za ka cire shi ne wanda ya yi tudu ya fara ɓanɓarewa. In gangar mai huji-huji ce ƙaiƙayin yana zubowa kan wutar ya ɗan yi bal ya mutu, shi ya sa a waje ake yi ba kusa da labule ba.

To yanzu na lantarki. Mafi sauƙin shara a cikinsu su ne masu aiki da iska, wato fanka ce a ƙasa take hura iska mai zafi gahawar tana tsalle a cikin kwalbar gilashi. FreshRoast ne sananne a cikinsu, SR540 yana ɗaukar wajen giram 120, SR800 kuma wajen giram 225, suya ba ta kai minti goma ba yawanci. Gida uku ne kawai, gindi mai fanka da hita, gilashi, sai murfi na sama inda ƙaiƙayin yake taruwa. Kana gamawa ka bari ya huce ka buɗe murfin ka zubar ka bi ragar da burushin fenti sabo, gilashin kuma ka wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke lokaci lokaci, minti biyar ka gama. Gindin ko kusa kar ruwa ya taɓa shi, kifa shi za ka yi ka karkaɗe ka goge ƙofofin iskar da ke ƙasa. Wurin da mutane suke sakaci ragar murfin ce, maiƙo yana toshe idanunta a hankali ba ka lura ba, iska ta kasa fita, gahawa ta daina tsalle yadda ya kamata zafi ya taru, sai ka ga suyar da ka saba yi minti takwas ta ƙone a shida kana ta zargin gahawar. Ɗaga ragar ka kalli haske ta cikinta, in ba ka ga rana sosai ba jiƙa ta. Rauninsa gilashi ne, in ka wanke shi da zafinsa ko ya zame a kan tayil shikenan, kuma ba abun da za ka shiga kasuwa ka samo ba ne, sai an yi maka oda daga waje. Wanda zai saya ya sayi gilashi biyu tun farko.

A kan irin wannan tsarin na iska na taɓa yin wautar da har yau ake min tsiya da ita a gida. Wani ƙaramin inji ne da aka kawo min tsaraba, ranar wata Juma'a ina da baƙi na ce bari in soya sau uku a jere, gahawar kuma irin mai ƙaiƙayin nan ce, na farko na zubar da ƙaiƙayin na biyu na ce ai ɗan kaɗan ne bari in haɗa da na uku. Ana cikin na ukun ina tsaye ina danna waya sai na ji ƙamshin ya canza ya koma kamar an ƙona takarda, ina ɗagowa na ga ja ja a cikin murfin yana ci a hankali kamar garwashin turare. Allah ya taimake ni ban buɗe ba, soket na zare na ja baya na bar shi ya mutu da kansa, don da na ɗaga murfin iska ta shiga da labarin ya canza. Murfin ya ɗan lanƙwashe, gahawar ta tafi bola, baƙi suka sha lifton. Laifina ne ɗari bisa ɗari, littafin injin ya ce a zubar bayan kowace suya kuma a bar shi ya huta tsakani. Tun ranar ba na barin wajen in ana suya ko sallama ake yi a ƙofa.

Sai Behmor, na Amurka, wanda yake kama da ƙaramin oban na gasa burodi da gangar raga tana juyawa a ciki. Abun da yake jan mutane gare shi biyu ne, yana ɗaukar har kusan giram 450 kuma yana da wata hita ta daban a sama da take ƙona hayaƙin kafin ya fito, to ba ya cika gida da hayaƙi sosai. Amma a shara shi ne mai yawan ƙa'ida. Kamfanin da kansa ya ce duk bayan suya biyar a kunna shi ba komai a ciki ya ƙone maiƙon da ya taru, sannan a goge bangon ciki, musamman ɓangaren dama inda na'urar jin zafi take, saboda in maiƙo ya rufe wajen injin ba ya karanta zafi daidai, suya ta riƙa jan lokaci ko ya tsaya da kansa. Ga tiren ƙaiƙayi da za ka zare ka zubar, ga ƙasan oban ɗin da sai ka bi da burushi ko injin zuƙar shara saboda tiren ba ya kama duka, ga gangar ragar da ƙananan ƙwayoyi da fasassu suke maƙalewa a idanunta su yi ta ƙonewa suya bayan suya in ba ka zaƙulo su da tsinke ba. Sandunan hitar na kwalba ne, ba a fesa musu komai ba a goga su da ƙarfi. Kuma ga maganar da ta fi shafarmu, su da kansu sun yi gargaɗi kar a wuce daƙiƙa goma cikin fashewa ta biyu. Ke nan in kai ɗan baƙar suya ne irin ta jabana wadda sai ta yi sheƙi, wannan injin ba naka ba ne, za ku yi ta faɗa da shi kawai. Wanda yake son matsakaiciyar suya kuma mutum ne mai bin doka, irin wanda yake canza baƙin man mota a kan lokaci, zai ji daɗinsa.

Gene Cafe na Koriya ta Kudu shi ne a tsakiya, kuma ba zan ɓoye ba shi na fi karkata gare shi. Giram 250 yake ɗauka, gangar gilashi ce da take juyawa a karkace, iska mai zafi tana shiga ta gefe ɗaya ta fita ta ɗayan ta tura ƙaiƙayin cikin wani babban akwati a waje. Wannan akwatin shi ne daɗin abun, ƙaiƙayin ba ya zama kusa da hita, kuma girmansa ya isa, amma duk da haka zubar da shi kowace suya kar ka yi irin tawa. Gangar tana fita gaba ɗaya ka wanke ta a wajen wanke-wanke, sai dai akwai farantin ƙarfe da ya raba ta biyu a ciki wanda yake hana hannu shiga lungu, sai da burushin wanke kwalba mai dogon hannu, irin na fidar jarirai ya yi daidai. A bakin mafitar iskar akwai wani ɗan ƙarfe da yake lilo yana share ƙaiƙayi daga ragar duk zagaye, shi ne yake yin ƙarar tak tak ɗin nan, in ka ji ya yi shiru maiƙo ya kama shi, duba. Ragar akwatin ƙaiƙayi ma tana toshewa kamar ta FreshRoast, wata ɗaya ko biyu ka jiƙa ta dangane da yawan suyarka. Hayaƙi kam yana yi, amma ta hanya ɗaya yake fita, kana iya jona masa bututu ka tura ta taga. Shi ma gilashi ne, a riƙe da hannu biyu.

Manyan kuma ba zan daɗe a kansu ba. Hottop na Taiwan yana da filta da ake canzawa in ta toshe, to duk abun da sai an riƙa sayo masa kayan canji daga waje ni ina ja da baya. Aillio Bullet kilo ɗaya yake ɗauka kuma kuɗinsa ya haura dala 3,000, sabo ma sai ka soya gahawar banza sau da yawa ka zubar don gangar ta yi santsi kafin ka fara ta sha, sannan lokaci lokaci sai ka kwance bayansa ka wanke fankar hayaƙi ka goge idon na'urar da take auna zafi. Na mai niyyar sayarwa ne, in kofi biyu kake sha a rana ka sayi tirela don kai yara makaranta ke nan.

Maganar wuta ita ce ba a rubutawa a kwali kuma ita ce take kashe injina a nan. Ƙarfin wutarmu bolt 230 ne, ta Amurka 120, FreshRoast don wutar Amurka aka fi yin sa, Behmor da Gene Cafe kuwa akwai na 120 akwai na 230, to ka karanta lambar da ke jiki kafin ka biya. In ɗan'uwa ya taho maka da na 120 ɗan ƙaramin adafta na caja ba zai yi ba, injinan nan suna jan sama da wat 1,000, taransifoma mai rage wuta babba kake buƙata, kuma ba a kan ekstenshin mai siririyar waya ba. In wutar ta yi ƙasa suya tana jan lokaci gahawar ta fito lami ba ƙamshi. Mafi muni a ɗauke wuta ana tsakiyar suya, ganga ta tsaya fanka ta tsaya gahawa tana kwance a kan zafin digiri 200 da wani abu ga ƙaiƙayi a gefe. A injin iska da sauƙi, safar hannu mai kauri ka ɗaga gilashin ka juye a tiren ƙarfe. A na oban kuwa in ka ga alamar wuta a ciki kar ka buɗe ƙofa. Ni dai in zan yi suya janareto nake tayarwa ko da akwai wuta, minti ashirin ne. Sannan in suya ta ƙare ka bar injin ya gama hucewar da yake yi da fankarsa kafin ka zare soket, masu gaggawar zarewa su ne hitarsu take saurin mutuwa.

Kayan wanki ba sai ka wahala ba. Akwai hodar da ake kira Cafiza ta wanke injinan gahawa, in ka samu tana narkar da maiƙon nan cikin ruwan zafi kamar wasa, in ba ka samu ba bekin soda da ruwan zafi da ɗan haƙuri suna yi, ka jiƙa minti talatin ka bi da tsohon burushin haƙori. Abun da za ka guje wa shi ne sabulu mai turare sosai don gahawa tana ɗaukar wari, da soson ƙarfe a kan gilashi, da kuma soda mai ƙarfi irin ta haɗa sabulu ko maganin wanke oban a kan duk abun da aka yi da alminiyom, cinye shi take yi. Na'urar jin zafi auduga da ɗan sipirit ta ishe ta, injin a sanyi kuma a zare. Duk abun da ka wanke ya bushe ƙarau kafin ka mayar. Da hunturu ka rufe injin da zani in ba ya aiki, ka riƙa duba inda yake zuƙar iska a ƙasa, za ka sha mamakin abun da yake taruwa a sati biyu. Ita ma ɗanyar gahawar ka tsince ta kamar shinkafa 'yar gida kafin ka zuba, wadda ake kawowa daga Mambila ko wadda 'yan kasuwa suke shigowa da ita a buhu ba a rasa tsakuwa da zare da fasassu, tsakuwa ɗaya tana iya tsaga gilashi ko ta ci haƙoran injin niƙa.

Abokin nawa shi kaɗai yake sha a gidansa, baƙar suya yake so da citta, unguwarsu kuma wuta sai an yi sa'a. Na ce masa ya manta da hotunan nan uku, ya nemi 'yar ganga ta sitenles a kan gas, burushi ɗaya da faifai sun gama masa shara. In kuma dole sai na lantarki don yana son ya ga lambobi suna motsi, Gene Cafe na 230, ya haɗa da gangar gilashi ta biyu a odar. FreshRoast na bar wa wanda yake da tsayayyiyar wuta da taransifoma kuma kaɗan kaɗan yake soyawa, Behmor kuma wa mai matsakaiciyar suya da ba ya gajiya da goge-goge. Ya ce zai yi tunani, jiya kuma sai ga shi ya turo min hoton Bullet yana tambaya ko ana samun na hannu.